Kwanan Jira Ma Aiki Ne

Duk motar da ta taso daga Yamai ko Dosso za ta Kwanni, Maraɗi ko Damagaram, sai ta ratsa Kore Mairuwa kafin ta hango duwatsun Dogonduci. Garin yana cikin kwarin Dallol Mawri, a ƙasar Arewa, kuma babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 ta bi ta cikinsa. Dare da rana manyan motoci na wucewa: albasar Galmi, simintin Malbaza, tankokin mai daga matatar Damagaram, shinkafa da sukari daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Nijar ba ta da teku, jirgin ƙasa kuma ba ya shigo mata da kaya. Kusan duk abin da ake saye a kanti, wani direba ne ya kwana a hanya ya kawo shi.

A garin nan aka yi wani Alhaji mai tirela biyu. Babbar tana hannun wani dattijon direba da kowa ke kira Kawu, wanda ya haura shekara ashirin yana ja masa mota. Yaron motarsa kuwa Auta ake ce masa, saurayi ne mai zafin nama da ke jiran ranar da zai sami nasa parmi.

Tsakanin Alhaji da Kawu babu takarda. Magana ce aka yi a zaure, aka shafa fatiha. Kowane ƙarshen wata Kawu na karɓar jika hamsin, mota ta yi tafiya ko ba ta yi ba. In za a tashi, a ba shi kuɗin hanya. In jira ya kama shi a tasha ko a iyaka, kowace rana da kuɗin abincinta, nasa da na Auta. An yarda masa ya ɗora ƴan buhunan kansa a saman kaya ya sayar a kudu. Da Salla akwai tufafi, in ciwo ya shiga gidansa Alhaji ne a gaba.

Da Allah ya yi wa Alhaji rasuwa, dukiya ta koma hannun babban ɗansa, Magaji, wanda ya yi karatun lissafin kuɗi a Yamai. Magaji ba mugu ba ne. Ya tarar da bashin ƙaramar tirela bai ƙare ba, ga ƙanne a lekol, ga tsadar taya da gazuwal. Ya zauna da littafi da alƙalami dare uku, ya ga mota takan yi wata guda cur a tafiya ɗaya, fiye da rabin kwanakin kuma a tsaye take. Sai ya tara direbobin biyu ya ce:

“Daga yau biya ya koma na tafiya. Wanda ya kai kaya ya dawo, ya karɓi nasa. Kuɗin jira na soke, don ba zan biya ranar da mota ba ta motsa ba. Gazuwal da awo za a ba ku. Kayan sama kuma an daina. Yaron mota koyo yake, abinci ya ishe shi.”

Direban ƙaramar mota ya ajiye makulli a wurin ya fita. Kawu ya daɗe kansa a ƙasa, sannan ya ce, “Ɗana, dukiyarku ce, yadda ka ce haka za a yi. Abu ɗaya zan gaya maka: mota tana tsayawa, ciki ba ya tsayawa.”

Washegari Magaji ya samo wani matashi a tasha, mai parmi sabo, mai mata da jariri, wanda ya daɗe ba aiki. Ya amsa duk sharuɗɗan tun kafin a gama karanta masa.

Da dare mahaifiyar Magaji ta aika aka kira shi. Ta ce, “Na ji hukuncin da ka yanke. Ban hana ka ba. Amma mahaifinka bai taɓa yanke wa mutum abin da bai ɗanɗana ba. Ka hau motar nan sau ɗaya, ka riƙe kuɗin hanya da hannunka, a kan sabon tsarinka. In ka dawo, abin da ka ga dama ka yi.”

Ya ce, “To, Inna.”

Bayan Babbar Salla ta 2023, a farkon watan Yuli, motocin biyu suka ɗauki albasa suka kama hanyar kudu. Daga Dosso suka karkata zuwa Gaya, suka haye gadar kogin Isa zuwa Malanbil a ƙasar Benin, suka bi ta Kandi da Faraku. Magaji na gefen Kawu da littafinsa a cinya. Tun kafin su kai iyaka ya fara gane cewa akwai kuɗin da ba su da rasit. A shinge, mai kaki zai karɓi takardu ya juya su, ba ya cewa akwai laifi, ba ya cewa babu. Kawu ya san albasa ba ta jure zaman rana a ƙarƙashin tampol lokacin damina, sai ya kalli Magaji, Magaji ya sa hannu aljihu. Da tsakar dare taya ta fashe a daji ana tsuga ruwa. Auta ya shiga ƙarƙashin mota da jak, ya fito jikinsa duk laka, babban yatsansa na jini. Ya ɗaure da tsumma, ya hura gawayi, ya dafa musu shayi. A ƙarƙashin tirela suka shimfiɗa tabarma suka ɗaura gidan sauro.

A Kwatano aka sauke albasa, sannan aka shiga abin da Magaji ya soke daga lissafi. Kayan Nijar da ke saukowa a tashar, bisa tsohuwar yarjejeniyar ƙasashen biyu, kashi biyu cikin uku na motocin Nijar ne, kashi ɗaya na motocin Benin. Mota takan rubuta suna ta bi layi har nata ya zo, ga ƴan kamasho a tsakani, kowa da abin da zai yaga. Mako guda ya wuce, na biyu ya shiga. Kullum da asuba Kawu zai tafi neman labarin layi, Auta ya tsare mota, don wanda ya bar mota ba kowa zai dawo ya tarar ba baturi. Kuɗin da Magaji ya ware na hanya suka ƙare ranar goma. Daga nan shinkafa da waken da suke ci, daga aljihun Kawu take fitowa. Magaji ya lura, ya ji nauyi, bai ce komai ba.

Da layi ya zo, shinkafa aka ba su ta wani ɗan kasuwar Maraɗi. Wani ɗan kamasho ya ja Magaji gefe ya ce a ƙara buhu ɗari biyu a sama, kuɗin su shafe asarar jira. Magaji ya ji daɗin maganar. Kawu ya girgiza kai.

“Akwai dokar nauyin kaya ta ƙasashen UEMOA tun 2005, akwai ma'auni a hanya. Amma bar batun tara, ɗana. Birkin motar nan na san iyakarsa. In ya ƙi kamawa a gangara, ni da kai da yaron nan ne a gaba, da duk wanda Allah ya sa yana bakin hanya.”

Magaji ya haƙura, ransa bai so ba.

Suna Faraku ranar 26 ga Yuli rediyo ya kawo labarin sojoji sun tsare Shugaba Bazoum a Yamai, kuma a daren aka ce an rufe iyakoki. Kawu ya ce su ƙarasa, ƙila abin kwana biyu ne. Suka tarar da motoci sun yi jeri tun kafin a shiga Malanbil. Ranar 30 ga wata shugabannin CEDEAO suka taru a Abuja suka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Benin ta rufe nata ɓangaren. Daga baya aka toshe gadar kanta. Gaya na tsallaken ruwa, ana hangen ta da ido, amma ba motar da za ta haye.

Magaji ya yi kwana goma a jerin. Sauro, ruwan sama, tsadar abinci, ga direbobi ɗaruruwa kowa na buga waya gida. Rana ta goma sha ɗaya ya shiga kwalekwale tare da sauran matafiya ya tsallaka Gaya, ya hau motar haya zuwa gida. Da zai tafi ya ce, “Kawu, ko za ka zo mu tafi tare?” Kawu ya nuna tirela da haɓa. “Kai fasinja ne. Ni amanar mutane ke bayana.”

A gida Magaji ya sake buɗe littafi. Ba sisin da ya shigo, mai bashi na aike. Ya gaya wa kansa cewa sharaɗi sharaɗi ne: kaya ba su iso ba, biya bai wajaba ba. Watan Agusta ya shige. Uwargidan Kawu ba ta zo ta yi ƙorafi ba, ba halinta ba ne. Ta sayar da akuyarta lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ƙaramar ɗiyarta. Gonarsu kuwa, wadda a da Kawu ke biyan ƴan ƙwadago su yi mata maimai da albashin watan, ciyawa ta rufe geronta.

Sai ga labari daga Malanbil: matashin direban nan ya zuƙe gazuwal ɗin ƙaramar mota ya sayar, ya sayar da batura biyu da tayar ajiya, ya bar makulli wurin Kawu, ya tsallaka ruwa. Magaji ya fusata, ya rantse sai ya kai shi gaban jandarma. Ya buga wa Kawu waya don ya zama shaida.

Kawu ya ce, “Abin da aka gaya maka gaskiya ne, ya sayar. In an tambaye ni ba zan ɓoye ba. Amma duk zan faɗa. Zan ce na ga yaron nan ya yi kwana biyu ba abin da ya shiga cikinsa sai shayi. Zan ce matarsa ta bugo tana kuka, jariri ba lafiya, mai gidan haya na korar su. Zan ce ya kira ka sau da yawa, ka ce masa ya yi haƙuri sai kaya sun iso.”

Magaji ya yi shiru. Can ya ce, “Ku fa, Kawu, me kuke ci?”

“Muna dako a bakin ruwa. Yau ni, gobe Auta, ɗaya na tsaron mota. Muna loda wa masu kwalekwale kaya.”

“Kai da kanka? Da shekarunka?”

“Da kaina. An zo mini har sau uku a kan in fitar da buhu hamsin, in ce ruwa ne ya ɓata su. Ba wanda zai gane.”

“Me ya hana ka?”

“Tsoron Allah na farko. Na biyu kuwa, ba zan yi maka ƙarya in ce don kai ba ne. Mahaifinka ya yi shekara ashirin yana biya na ranar da mota ba ta motsa ba. Da na karye a ƙafa, wata huɗu ina kwance, albashina bai yi latti ba ko sau ɗaya. Shi nake rama wa. Yaron can kuwa, wa ya taɓa yi masa abin da zai rama? Ka ba shi motar miliyoyi da kayan miliyoyi, ka hana shi kuɗin tuwo, sannan ka ce ya riƙe maka amana. Ya yi laifi. Amma kai ka share masa hanyar laifin.”

Magaji ya kashe waya ya shiga wurin mahaifiyarsa, ya zauna a bakin ƙofa bai iya magana ba. Ita ta fara. “Geron da ake kai wa gidan Kawu da dare, daga rumbuna yake fita. Na yi shiru ne in ga yaushe za ka farka. Ka san mahaifinka da karen mota ya fara? Ya kwana da yunwa a tashar Kwatano tun ba a haife ka ba. Abin da kake gani ɓarna a littafinsa, shi ya tsare masa dukiyar da ka gada.”

Da gari ya waye Magaji ya kai shanun huɗarsu kasuwa. Ya aika wa Kawu albashin wata biyu da kuɗin duk kwanakin jira, nasa da na Auta. Ya je gidan Kawu da kansa, ya durƙusa ya gai da uwargida, ya mayar mata da kuɗin akuyarta. Ya kira gayya a gonar, amma lokaci ya ƙure, geron da ciyawa ta riga ta shaƙe bai tashi ba. A shekarar nan gidan Kawu rabin abin da suka saba suka ɗaure, kuma Magaji ya san hannunsa na ciki.

Batun jandarma ya mutu. Bisa shawarar Kawu, Magaji ya nemi matashin har inda ya ɓuya, ya ce masa, “Ka ci amanata, ni ma na ci taka. Kuɗin batura za a riƙa cira a hankali. Koma wurin motarka.” Yaron ya fashe da kuka, ya koma.

Mai shinkafa ya gaji da jira, ya sa aka tsallakar da kayansa a kwalekwale buhu-buhu. Da aka ƙirga, na motar Kawu ko ɗaya bai yi ciwon kai ba. Saura motocin. A lokacin, kayan Nijar sun koma bi ta Lome a Togo, su ratsa Burkina Faso ta Wagadugu, Kaya da Dori, su shigo ta Tera cikin ayari da rakiyar soja, hanyar da ƴan bindiga suka sha tare motoci a kanta, direbobi suka rasa rayuka. Wannan karon Magaji bai ba da umarni ba. Ya ce, “Kawu, in ka ce a'a, motoci su zauna, albashinku na tafiya.”

Kawu ya ce, “Zan bi. Amma a yanka kuɗin kasada tun yanzu, a faɗi abin da za a ba iyalina in ban dawo ba. Auta da matashin direban nan kuma ka tambaye su da bakinka, kowa da ransa.”

Haka aka yi. Sai da iskar hunturu ta fara kaɗawa motocin biyu suka shigo Kore Mairuwa, jajur da ƙura, mutanen cikinsu sun rame.

Bayan sun huta, Magaji ya tara su a zauren mahaifinsa, ya gayyato liman da dattawa biyu. Ya ce, “Kawu, na roƙe ka gafara a gaban mutane. Daga yau komai ya koma yadda Baba yake yi.”

Jama'a suka ce madalla. Kawu ya ɗaga hannu.

“Na yafe maka, duniya da lahira. Amma ban yarda a koma yadda Alhaji yake yi ba.”

Zaure ya yi tsit.

“Alhaji mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa. Sai dai duk abin da ya yi mini a zuciyarsa yake, ranar da aka kai shi kabari tare suka tafi. Dare uku ka yi da alƙalami ka shafe shekara ashirin, kuma ba ni da inda zan kai ƙara, don ba ni da ko guntun takarda. Yau idona ya fara rauni, tuƙin dare na ba ni wuya. In na ajiye makulli gobe, ba ni da fansho, sunana bai taɓa shiga asusun ma'aikata ba. Ni nawa ya wuce. Yaran nan biyu nake ji. Kai ma yau zuciyarka ta yi laushi, gobe wani ne zai gaje ka. A rubuta.”

Liman ya gyaɗa kai ya ce addini ma ya fi son a rubuta abin da ke tsakanin mutane, a kafa shaidu, kuma haƙƙin ɗan ƙwadago ba abin wasa ba ne ranar hisabi.

Magaji ya ɗauko littafin nan nasa, ya buɗe sabon shafi. Aka rubuta albashin wata wanda ba ya jiran tafiya. Aka rubuta kuɗin hanya, da kuɗin kowace ranar jira, da kuɗin kasada, da wanda zai ɗauki nauyin magani in hatsari ya auku. Aka rubuta cewa yaron mota ma'aikaci ne, ba za a ba shi ƙasa da abin da doka ta yanka ba, wanda a lokacin sefa 30,047 ne a wata, kafin a ɗaga shi zuwa 42,000 a farkon 2024. Kawu da kansa ya sa aka rubuta na wuyan direba: ba sayar da gazuwal, ba ɗaukar abin da ya fi ƙarfin mota, ba shan ƙwaya don korar barci, in barci ya zo a tsaya. Bayan mako guda suka tafi Dosso, mai duba harkokin ƙwadago ya ga takardun, aka sa sunayensu a asusun ma'aikata na CNSS. Kawu ya ƙara shekara guda yana tuƙi, Auta na gefensa yana karɓar sitiyari, har ya sami parmi ya gaji motar.

Masu motoci da yawa suna lissafi irin na Magaji na farko, kuma a takarda daidai yake fita. Abin da takardar ba ta nunawa shi ne, kuɗin da aka hana direba ba sa zama a aljihun mai mota. Suna fita ta tankin gazuwal, ta lodin da ya wuce ƙima, ta gudun dare na mutumin da ya san in bai isa ba ba zai ci ba, wani lokaci har da rayukan waɗanda ba ruwansu. Mutumin da ke kwance ƙarƙashin tirela a iyaka yana gadin kayan wani, aiki yake yi, iyalinsa kuma suna jiran tuwo a ranar kamar kowace rana.

Amana hannu biyu gare ta. Wanda ke neman a tsare masa dukiya, ya fara tsare cikin mai tsaron da mutuncinsa. Kuma kyautatawar ubangida, komai yawanta, ba ta kai haƙƙin da aka rubuta aka sa hannu ba, domin zuciya na sauyawa, mutum na mutuwa, magaji na zuwa da nasa ra'ayi. Mai mota ya biya kwanan tafiya da kwanan jira, direba ya riƙe abin da aka damƙa masa, su biyun kuma su rubuta abin da ke tsakaninsu tun suna shiri, kafin ranar da za a rufe wata iyaka.